An Ɗaura Ko Ba a Ɗaura Ba?

Assalamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku kuma na gode, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min wai in share hawaye, maza ba su ƙare ba. Na gode 'yar uwa. Allah kar ya nuna miki ranar da za ki gane abin da kika faɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Hamdiyya. A Kiru nake, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a hanyar Ɗansoshiya. Kwana tara kenan da aka ɗaura min aure da Mujitaba, ɗan Tudun Wada, sojan sama. Ba matuƙi ba ne, shi ne mai kula da lodin kaya da zaman mutane a babban jirgin da ke kai wa sojoji abinci da magani can gabas inda ake yaƙi. A ranar ɗaurin auren jirginsu ya faɗi cikin hadari. Mutum talatin da ɗaya ne a ciki, biyu suka fita da rai, Mujitaba ba ya cikin biyun.

Na ce an ɗaura, amma a gidanmu yanzu ba mai faɗin haka da ƙarfi. Ga dalili.

Hutunsa daga Asabar zai fara, shi ya sa Baffansa ya karɓa masa auren a ƙofar gidanmu bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Ina ɗakin Umma da ƙawayena, na sha leshi mai ruwan zuma, lalle har gwiwar hannu, lokacin da Abba ya kira Umma ya ce an shafa fatiha. Wayarta ta nuna biyu da minti ashirin. Aka rangaɗa guɗa. Ni kuma na juya baya na rubuta masa, "An ɗaura, ango. Sai ka zo ka biya kuɗin sayen baki." Biyu da ashirin da ɗaya. Har yau saƙon yana nan da tik ɗaya, alamar bai shiga wayarsa ba.

Takardar da manyansa suka kai Tudun Wada kuwa ta ce an daina jin ɗuriyar jirgin da ƙarfe biyu saura minti takwas. Kuma ofisan da ya kai ta ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Yalwa, ya ce mata nan take ne, ba wanda ya sha wahala.

Kun ga inda matsalar take? Minti ashirin da takwas ne tsakani.

Ranar sadakar uku Abba ya kira Malam Isa, limamin unguwarmu, suka zauna a soro. Na laɓe a bayan ƙyaure, Allah ya yafe min.

"Alhaji Ahmadu, ba a ɗaura wa mamaci aure," in ji Malam. "In ya cika kafin a shafa fatiha, babu aure, babu takaba, yarinya budurwa ce. In kuwa yana da rai ko da numfashi ɗaya ne ya rage masa, to matarsa ce, sai ta yi wata huɗu da kwana goma."

"To mu yanzu wanne za mu kama, Allah gafarta Malam?"

"Abin da ya zo mana. Takarda ta faɗi lokaci, wanda ya kawo ta ya ce nan take. Mu ba mu da sanin gaibu."

Da Abba ya shigo ya faɗa, sai da Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, Allah ya taƙaita." A gabana fa. Na dube ta, ta kawar da kai. A ranar na ji haushin uwar da ta haife ni, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Tun daga nan na zama abin da ba shi da suna a gidan nan. Mota biyu aka cika daga unguwarmu zuwa Tudun Wada gaisuwa, ban da ni. Na ɗauko hijabi, Umma ta ce, "A wane matsayi za ki je ki zauna a cikinsu?" Aka tafi aka bar ni da kaji. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina kallon ruwa yana zuba daga indararo cikin bahon wanki har ya cika ya tumbatsa, ban tashi na janye shi ba.

Mata in sun shigo su gaishe da Umma, su yi mata jajen wahalar biki, sannan su leƙo ɗakina su ce, "Hamdiyya, ya jiki?" Jiki kuma? Zazzaɓi aka ce musu ina yi? Ƙawayena 'yan anko da suka cika min kunne wata biyu a zauren hirarmu na waya duk sun yi tsit. Ɗaya ta cire hotonmu ta saka hoton fure. Alkaki da nakiyar da aka yi aka rarraba wa maƙwabta a ɓoye, kamar kayan sata.

Ni kuma na cire ɗankunne da awarwaro, na daina saka kwalli, na koma wani tsohon hijabina mai ruwan toka da nake zuwa Islamiyya da shi. Umma ta gane abin da nake yi. Kullum da safe sai ta shigo ta ajiye min kwalbar humra a kan madubi.

"Ki shafa. Wa ya sa ki takaba? Malam ya yi magana, ubanki ya yi magana."

"Umma, ba na jin son ƙamshi ne."

"Ƙarya kike. Ke yarinya ce, ba ki san abin da ake kira bazawara ba. Ki tambaye ni, na ga yadda ƙanwata ta ƙare. Yau ana tausayinki, gobe a ce mai farar ƙafa ce, daga ɗaura aure miji ya mutu. Allah ya fitar da ke ta ƙofar da ba wanda zai ce miki komai, ke kuma kina neman komawa ta taga."

Na san tsoro ne yake sa ta magana, ba rashin imani ba. Amma sanin hakan bai rage min komai ba.

Ga kuma Kamalu, ɗan ƙawar Umma mai shagon kayan babur a Kwanar Dangora. Ya taɓa nemana na ba shi haƙuri. Saƙonsa na farko ta'aziyya ce, na amsa. Na biyu addu'a ce, na ce amin. Na uku, "Fatan kin ci abinci." Na huɗu, "Ki dinga kula min da kanki." Kula maka? Ba mugu ba ne Kamalu, amma ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Kuma wa ya ba shi sabuwar lambata in ba Umma ba?

A Kwanar Dangorar nan na fara ganin Mujitaba, shekara biyu da suka wuce. Ina cikin bas ina jiran ta cika, sai ga wani dogo da farar shadda ya tsaya yana yi wa kwandasta faɗa a kan yadda ya ɗaure buhunan masara a saman mota. Wai nauyin ya karkata gefe guda. Da ya ga ba za a ji ba, ya naɗe hannun riga ya hau ya kwance ya sake ɗaurewa da kansa. Na ce a raina, wannan kuma wane irin shisshigi ne? Ya shigo ya zauna kusa da ni shaddar duk ƙura, ya dubi agogo ya ce, "Malama, minti goma sha ɗaya na ɓata miki, ki yafe min." Ban san yadda aka yi ya gane malama ce ni ba. Daga baya ya ce alli ya gani a gefen hijabina.

Haka yake, komai da lokacinsa. In ya ce zai kira ƙarfe biyar, biyar ɗin ce. Ni ce mai nawa, shi ne mai jira. To yau ga shi lokacin da ya fi kowa kiyayewa shi aka kawo aka raba mu da shi.

Abba mutum ne mai gudun haƙƙi. Ya ce tunda babu aure, lefe ba namu ba ne, a mayar. Da aka sanar da Tudun Wada, Inna Yalwa ta ce ita da kanta za ta zo, don kar a ɗauka rigima ce. Aka sa yau Lahadi. Tun da sassafe Umma ta fito da akwatunan guda shida tsakar gida tana lissafa atamfofi da mayafai kar wani abu ya yi ɓatan kai. Na shige ɗaki na turo ƙofa.

Wajen hantsi wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wayar tawa tun da ta faɗa ruwa ba a jin magana sai an saka ta a amsa-kuwwa, don haka na saka.

"Salamu alaikum. Malama Hamdiyya ce?"

Mutum ɗaya ne yake haɗa min sunayen nan biyu.

"Ita ce. Wa ke magana?"

"Sunana Sagir, ɗan Doguwa ne ni. Tare muke da Mujitaba a jirgin. Daga asibiti nake kiranki. Ki yi haƙuri, sai shekaranjiya aka cire min robar numfashi, jiya kuma na samo lambarki wajen wani abokinmu. Saƙo ne da ni."

Na zame daga bakin gado na zauna a ƙasa. Muryarsa a dashe take, yana magana yana hutawa.

"Mu muna can baya, wajen ƙofar kaya. Da jirgin ya bugi itatuwa sai bayan ya ɓalle ya yi gefe da mu cikin wata fadama. Ni ƙafa da haƙarƙari. Shi kuma wani ƙarfe ne ya danne shi daga ƙugu. Na ja jiki na je kusa da shi, na kasa ɗagawa. Wallahi na gwada, Malama."

"Yana da rai?" Ban san lokacin da na faɗa ba.

"Da ransa, yana magana. Agogonsa ya fashe, nawa na aiki. Ya ce, Sagir ƙarfe nawa? Na ce biyu da minti biyar. Ya ce da saura, yanzu liman yake sallamewa. Ruwa na dukanmu, na cire riga na kare masa fuska. Can ya sake tambaya, na ce biyu da kwata. Ya ce yanzu ana raba goro. Ya yi shiru har na zaci ya tafi, ina ta kiran sunansa. Sai ya buɗe ido ya ce, yanzu fa? Na ce uku saura kwata."

Sagir ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina jin nawa.

"Sai ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi. Ya ce, to yanzu kam ko Baffa ya yi nawarsa an ɗaura. Sagir, gai da ango. Na ce ina gai da ango. Ya ce in ka fita ka gaya wa Malama Hamdiyya na jira, ban tafi ba sai da aka ɗaura. Daga nan sai kalmar shahada, yana yi ina taya shi. Ya cika kafin masu ceto su iso, wajen ƙarfe uku. Ga Mas'ud nan a gadon kusa da ni, shi ne na biyunmu, komai a kunnensa. Duk wanda yake son ji, mu biyu za mu faɗa masa."

Ban tuna yadda muka yi sallama ba. Na kifa kai a kan katifa na yi kukan da kwana tara aka hana ni dalilinsa. Kuka ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani farin ciki da nake jin kunyar faɗa. Mijina ne. Ya jira ni, kamar kullum.

Da na ɗago, Umma tana tsaye a bakin ƙofa da wani mayafin lefe a hannu. Ta ji komai. Idonta ya yi ja. Ta shigo ta mayar da ƙofa ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah ya ji ƙan yaron nan," ta ce. "Ɗan halak ne."

"Umma, zan gaya wa Abba."

"Tsaya, Hamdiyya. Bar maganar bazawara, na ajiye ta. Ki tuna matar da ke kan hanya yanzu. Ranar da muka je gaisuwa, duk wadda ta zauna kusa da ita abu ɗaya take maimaita mata: an ce nan take ne, bai ji komai ba. Da shi take cin ɗan abin da take ci. Da shi take runtsawa. Ke yanzu sai ki dubi idonta ki ce mata ɗanta ya yi awa guda ƙarfe a kan ƙugunsa, ruwa na dukansa a daji? Don a ce miki matar wani?"

"Ba don a ce ba ne, Umma. Haka ne. Kuma in na yi shiru, takabar fa? Allah ai ya sani."

"Ki yi abarki a zuci, ba mai hana ki. Ni zan kori Kamalu da kaina, na yi miki alkawari. Amma ki bar wa tsohuwar nan abin da ta riƙe."

Mutanena, gaba kura baya sayaki. Da Umma faɗa ta yi min da na san abin da zan ce. Amma gaskiya ta faɗa, rabinta dai. Na zauna ina juya wayar a hannu. In na yi shiru, na ajiye saƙon da mutum ya riƙe ransa kusan awa guda don ya aiko min. In na yi magana, na soka wa uwarsa wuƙa da hannuna. Ba wanda zan tambaya. Wanda nake tambaya irin wannan shi ne ba ya nan.

Kafin azahar muka ji tsayuwar mota. Inna Yalwa ta shigo da sallama, ita da Surajo, yayan Mujitaba. Ta rame, zanen jikinta har ya yi mata yawa. Surajo ya gaisa ya fara fita da akwatunan shi da direba. Umma ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta kawo ruwa da fura. Na fito na durƙusa.

"Inna, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, 'yar nan. Matso." Ta kama hannuna tana shafa lallen da ya fara koɗewa. "Allah bai yi za ki shigo gidana ba. Kar ki riƙe mu a rai kan kayan nan, ubanki ne ya matsa. Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

"Babu shi, Inna."

Ta yi ɗan murmushi. "Kayya. Ni dai abin da ke sanyaya min rai, an ce nan take ne. Ko ƙaya ba na son ta soke shi tun yana yaro. Allah ya ɗauke shi bai ji komai ba."

Umma ta zuba min ido. Na sunkuyar da kai. Akwati na huɗu ya wuce ta gabana a kafaɗar Surajo. Na ɗago kai, hannuna yana cikin nata.

"Inna, ki yafe min abin da zan faɗa."

"Hamdiyya!" in ji Umma.

Na faɗa. Ban rage komai ba, ban ƙara ba. Fadamar, ƙarfen, ruwan saman, tambayar lokaci sau uku, dariyar, saƙon. Ina magana ina jin hannunta yana saki a hankali har ya bar nawa. Surajo ya tsaya cak a bakin soro. Abba ma ashe ya shigo, yana tsaye a bayansa.

Inna ta ɗago ta dube ni.

"Kusan awa guda?"

"E, Inna."

"Yana jin zafin?"

Nan ne zan iya yin ƙarya. Ba wanda zai kama ni.

"Yana ji, Inna. Amma ya yi dariya. Kuma ya cika da kalmar shahada."

Ta dafe ƙirji ta duƙa har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Sautin da ya fito daga bakinta ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Umma ta rungume ta tana kuka tana kallona ta saman kafaɗarta, kallon kin gani ko? Na gani, Umma. Ni na yi, kuma ina nan durƙushe ba mai riƙe ni.

Abba ya yi gyaran murya ya ce, "Surajo, karɓi lambar yaron nan. Bari in aika a kira Malam."

Inna ta ɗago ta goge fuska da bakin mayafi. "Ku kira duk wanda za ku kira. Surajo, sauke kayan nan. Ba a karɓe wa matar mutum lefe."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ƙi taɓa furar. Ba ta dube ni ba har ta kai bakin soro. A nan ta tsaya, ta ba ni baya.

"Kwana tara ina samun barci da cewa bai ji komai ba. Yau kin ƙwace min shi, Hamdiyya."

"Ki yafe min, Inna."

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Amma tunda ke ce matarsa, sai ki zo mu raba rashin barcin. Ɗakin da ya gyara miki yana nan, ni kaɗai nake shiga in share."

Umma ta miƙe tsaye. "Yaya Yalwa, ki yi haƙuri, ba inda za ta. A gabana za ta yi takabarta."

Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kowa yana jiran bakinsa. Ni kuwa idona yana kan takalmana da ke bakin ƙofa.